MATARIN GUDAN JINI: NAZARI A KAN WATA NA'URAR LIKITA DA SUNAN DA YA DACE DA ITA A HAUSA

1.0 GABATARWA

A ranin shekarar 2022 wani kawuna, manomin rani a yankin Kura, ya faɗi da babur a kan hanyarsa ta komowa daga gona, ya karye a cinya. Aka yi masa ɗori, aka kawo shi gida Kumbotso ya kwanta jinya. Bayan kamar mako uku sai ƙafar ta kumbura tun daga idon sawu har gindin cinya, ta ɗau zafi, mu kuwa muka ce ai ɗorin ne yake kamawa. Wata safiya ya yunƙura zai tashi zaune, sai numfashi ya sarƙe masa, ya dafe ƙirji. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Daga baya na ba wani likita wannan labari. Ya ce bisa ga alamun da na zana masa, abin da ya fi ƙarfi a zatonsa shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle, ya tafi ya toshe huhu. Ya ce akwai magani, kuma idan ba halin ba da maganin, akwai wata 'yar na'ura da ake sakawa cikin jijiya don ta tare gudan a hanya. Na tambaye shi sunanta da Hausa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai da Turanci ya san ta.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka yake. Amma neman magani wajibi ne, kuma mutum ba ya neman abin da bai san sunansa ba. Saboda haka wannan maƙala za ta bayyana yadda gudan jini ke tafiya a jiki, da tarihin na'urar da aka ƙera don tare shi, da abin da bincike ya nuna game da amfaninta da illarta. Daga ƙarshe za a auna sunayen da za a iya laƙaba mata a Hausa. Ra'ayin da za a kare shi ne, sunan da ya dace shi ne wanda zai sanar da majinyaci gaskiya biyu: na'urar ba ta warkar da cuta, kuma yawancinta ba a barin su a jiki bayan haɗari ya wuce.

2.0 JIJIYA DA HANYOYIN RUWA

Matsala ta farko tana cikin kalmar jijiya ita kanta. Da ita Bahaushe ke kiran hanyar da ke kai jini, da wadda ke maido da shi, da zaren da ke kai saƙon ji da motsi, har da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara. A nan hanyoyin jini kawai muke nufi, kuma iri biyu ne. Domin a fahimci bambancinsu, ba mu da misalin da ya fi aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya game Kura da Bunkure da Garun Malam.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, ruwa ke fitowa ta babbar hanya, wadda manoma ke kira kanal. Daga nan sai ya rabu cikin rassa, rassan su rabu cikin ƙananan hanyoyi, har ya isa fangali. Kowace hanya ta fi wadda ta haife ta ƙanƙanta. Ruwan da ya yi saura a gona kuwa wata hanya yake bi: ƙananan magudanai su zuba cikin manya, manya su zuba a kogi. A wannan ɓangaren kowace hanya ta fi ta bayanta faɗi.

Haka jikin ɗan Adam yake. Zuciya tana da ɓari biyu. Ɓarin hagu ne ke tura jini cikin jijiyoyi masu kai jini, waɗanda ke ta rabuwa suna sirancewa har su isa kowane lungu na jiki. Jijiyoyi masu maido da jini kuma suna haɗuwa suna ƙara faɗi. Na ƙafafu biyu suna gamuwa a cikin ciki su zama hanya guda mai faɗin kimanin santimita 2, wadda za mu kira uwar jijiyar ciki. Ita ke zuba jini a ɓarin dama na zuciya, shi kuma ya tura shi huhu ya ɗauko iska. A cikin huhu hanyar tana sāke rabuwa tana sirancewa, kamar kanal da rassansa. Baligi yana da jini kimanin lita 5, kuma a zaune kurum zuciyarsa na tura kusan wannan adadi a kowane minti. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga ɓarin dama zuwa na hagu. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen gaba ɗaya a 1628.

3.0 ZAUNANNEN GUDA DA ƁALLALLEN GUDA

Daskarewar jini rahama ce, don ba domin ita ba, da ɗan yankan reza ya isa ya kashe mutum. Tana zama cuta ne idan ta auku a cikin jijiya, inda babu rauni a fili. Rudolf Virchow, masani Bajamushe, shi ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci yawanci daga ƙafa ya taso. Sunan da ya ba abin daga Girkanci ya aro shi, daga kalma mai ma'anar abin toshi. Har yau ana jingina masa dalilai uku da ke sa jini daskarewa a jijiya:

(a) Rashin gudu. Jinin ƙafa yana hawa sama ne da taimakon tsokar ƙwauri, wadda ke matsa jijiya duk sa'ad da aka taka. In mutum ya daɗe a kwance, ko ya yi doguwar tafiya a zaune, sai jinin ya kwanta. Kowane manomi ya san inda ruwa ya rage gudu nan laka ke taruwa, nan kuma kachala ke tsirowa.

(b) Rauni a bangon jijiya, kamar na karaya ko na tiyata.

(c) Sauyin jinin kansa, ya zama mai saurin daskarewa. Ana ganin haka ga mai juna biyu, da mai jego a makonni shida na farko, da mai ciwon daji, da mai sikila, da wasu da suka gāji halin.

Wanda ya karye a cinya ya kwanta ya haɗa aƙalla biyu daga cikin ukun. Muddin gudan yana manne a inda ya samu, za mu kira shi zaunannen guda. Alamunsa su ne kumburin ƙafa ɗaya ban da ɗayar, da ciwo, da ɗumi, kuma da hoton sikanin ake gane shi. Irin wannan ƙafa asibiti take bukata, ba a yi mata tausa. Idan wani yanki ya rabu ya bi jini, ya zama ɓallallen guda. Daga ƙafa har zuciya babu abin da zai tsai da shi, tun da hanyar ƙara faɗi take yi. Sai ya wuce zuciya ya shiga huhu, inda hanya ta fara matsewa, sa'an nan ya cije. Ƙarami yakan jawo haki da suka a ƙirji, wani lokaci da tarin jini. Babba yana iya toshe mashigar huhun gaba ɗaya, mutum ya faɗi nan take.

4.0 MAGANI KAFIN NA'URA

Asalin maganin wannan cuta shi ne wanda ake kira maganin tsinka jini. Sunan bai faɗi daidai ba, domin jinin ba ya zama ruwa-ruwa. Abin da maganin ke yi shi ne hana gudan ƙaruwa da hana sabo samuwa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. An gano heparin a 1916 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Warfarin kuwa shanu ne sanadinsa: a shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta yi funfuna. Masana a Jami'ar Wisconsin suka ciro sinadarin, aka fara sayar da wani nau'insa a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince a ba mutane a 1954. A 1960 likitoci biyu a birnin Bristol na Ingila, Barritt da Jordan, suka gwada maganin tsinka jini a kan mutum 35 masu toshewar huhu. Cikin 19 da ba a ba su ba, 5 cutar ta kashe su. Cikin 16 da aka ba su, babu wanda ta kashe. Yanzu akwai sababbin ƙwayoyi kamar rivaroxaban da apixaban, kuma akan sha magani aƙalla wata 3.

To, amma akwai wanda ba shi yiwuwa a ba shi: mai zubar jini a ciki, da wanda jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa kwanan nan, da wanda za a yi wa babbar tiyata gobe ko jibi. Ga guda a ƙafa, ga magani ya haramta. Dabarar likitocin dā ita ce su buɗe ciki su ɗaure uwar jijiyar ciki tamau. Wannan daidai yake da manomin da ya ga shara na shigo masa gona, ya datse hanyar ruwan baki ɗaya. Guda ba ya wucewa, amma ƙafafu sukan kumbura su yi gyambo, wasu majinyatan kuma tiyatar ce ke kashe su. Daga baya aka koma matse jijiyar daga waje da wani ɗan maƙalli mai haƙora, wanda ke raba ta ƙananan ƙofofi. Shi ma sai an buɗe ciki.

5.0 ƘIRAR NA'URAR DA YADDA AKE SAKA TA

A 1967 Kazi Mobin-Uddin, likita ɗan asalin Pakistan da ke aiki a Amurka, ya fito da na'urar farko da ake zurawa ta jijiyar wuya ba tare da an buɗe ciki ba. Siffarta ta laima ce: ƙafafun ƙarfe shida da aka lulluɓe da roba mai huje-huje. Ta tare guda ƙwarai, sai dai ita kanta takan toshe, ta rufe jijiyar ga majinyata da yawa, har aka daina amfani da ita.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne Lazar Greenfield, likitan tiyata a Oklahoma, bayan wani saurayi da ya yi haɗarin babur ya mutu a hannunsa da toshewar huhu. Ya kai kukansa ga Garman Kimmell, injiniya mai ƙera kayan aikin rijiyoyin man fetur, wanda ya saba da yadda dagwalo ke toshe bututu. Shawarar da suka yanke ita ce a bar shimfiɗaɗɗiyar raga a koma siffar mazurari. Na'urarsu ta fito a 1973: wayoyin ƙarfe shida da suka haɗu a tsini guda, kowace da 'yar ƙugiya a ƙarshenta mai kama bangon jijiya. Tsinin yana fuskantar zuciya, bakin yana fuskantar ƙafafu.

Hikimar wannan siffa lissafi ce mai sauƙi. Duk wanda ya taɓa ɗaura raga a bakin mesar injin ban-ruwa ya san in ragar shimfiɗe take, ganye kaɗan ya isa ya rufe ta, injin ya fara tari. A mazurari kuwa sharar tsakiya take gangarawa ta taru a tsini, ruwa ya bi ta gefe. Idan guda ya cika kashi 7 cikin 10 na zurfin mazurarin, faɗin da ya tare shi ne 7 sau 7, watau kashi 49 cikin 100. Ke nan ko da ya kusa cika, rabin hanya na nan a buɗe. Har wa yau, jinin da ke wucewa ta gefen gudan yana taimakawa wajen narkar da shi.

Yawancin na'urorin yau a kan wannan siffa suke. Wasu da baƙin ƙarfe marar tsatsa ake yin su, wasu da nitinol, wani gamin ƙarfe da ake iya naɗewa ya shiga siririn bututu, in ya fito ya ji ɗumin jiki ya koma siffarsa. Wajen sakawa ba a bukatar a sa mutum barci. Akan kashe zafin wurin da allura, a huda jijiya a wuya ko a gindin cinya, a zura siririyar waya, a bi ta kanta da bututu, bisa dabarar da Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da ita a 1953. Likita na kallon tafiyar bututun a na'urar hoton cikin jiki, har ya isa uwar jijiyar ciki, ƙasa kaɗan da inda jijiyoyin ƙoda ke zubowa. Nan yake sakin na'urar ta buɗe. An zaɓi wannan wuri ne domin ko da ta toshe, jinin ƙoda ya sami hanya. Aikin ba ya cika kai awa guda. Na'urorin farko na dindindin ne. Daga farkon shekarun 2000 aka yawaita masu ƙugiya a tsini, waɗanda ake iya zura zarge ta jijiyar wuya a kamo su, a naɗe su cikin bututu a fitar.

6.0 ABIN DA BINCIKE YA NUNA

An yi shekaru 25 ana saka na'urar Greenfield da ire-irenta kafin a auna su da ma'aunin da ake auna magani. A 1998 aka buga sakamakon wani bincike na Faransa mai suna PREPIC. An ɗauki mutum 400 masu guda a manyan jijiyoyin ƙafa, aka ba su duka maganin tsinka jini, aka saka wa rabinsu na'ura. A kwana 12 na farko, toshewar huhu ta sami kashi 1.1 cikin 100 na masu na'ura, da kashi 4.8 na marasa ita. Amma bayan shekara 2, sabon guda ya fito a ƙafar kashi 20.8 na masu na'ura, alhali a marasa ita kashi 11.6 ne. Yawan mace-mace kuwa bai bambanta ba, ko da aka sāke duba su bayan shekara 8. A 2015 aka buga bincike na biyu a kan mutum 399, da na'urar da ake cirewa, aka tarar ga wanda ke iya shan magani, ƙara masa na'ura bai rage masa toshewar huhu ba.

Ma'anar wannan a fili take. Na'urar tana kare huhu, tana kuma ƙara wa ƙafa nauyi, domin baƙon abu ne a cikin jini, kuma abin da ta tara yana rage wa jinin gudu. Shi ya sa a yau likitoci suka fi yarda a saka ta ga wanda ke da sabon guda a babbar jijiya ko a huhu kuma ba halin ba shi magani, sai kuma wanda gudan ya sāke ɓalle masa alhali yana shan magani yadda ya kamata. Da zarar dalilin hana magani ya kau, sai a fara ba shi.

Daɗewarta a jiki ma wata illa ce. A 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, ta ce daga 2005 ta karɓi rahoto 921 na matsala: a 328 na'urar ta gusa daga inda aka ajiye ta, a 146 wani yanki nata ya ɓalle ya bi jini, a 70 ta huda bangon jijiya, a 56 ta karye. A 2014 hukumar ta ba da shawarar cewa idan haɗarin toshewar huhu ya wuce, lokacin da ya fi dacewa a cire ta shi ne tsakanin kwana 29 da 54 bayan sakawa. In ta daɗe fiye da kima, naman jijiya yakan lulluɓe ƙafafunta, cirewa ta yi wuya. Duk da haka, wani bincike da aka buga a 2013 daga wani asibiti a birnin Boston ya nuna cikin na'urori 679 da ake iya cirewa, 58 kacal aka cire. Wannan fa a ƙasar da likita da majinyaci yawanci harshe ɗaya suke yi. Ina ga wanda aka yi wa bayani ta bakin tafinta, tafintan kuma ɗan'uwa ne da ya zo jinya, yana neman kalmar da zai faɗa?

7.0 MASU KARE ƘWAƘWALWA

Duk abin da ya gabata a ɓangaren jijiyoyi masu maido da jini yake. A ɓangaren masu kai jini ma abu yakan ɓalle, sai dai can mahallakarsa ƙwaƙwalwa ce, sakamakonsa kuma shanyewar ɓarin jiki. Wannan yakan faru a lokacin da likita ke aiki cikin jijiyar da kitse da ƙasa-ƙasa suka yi wa tsatsa, misali wajen buɗe jijiyar wuya da ta ƙuntata, ko wajen sauya ƙyauren da jini ke fita ta cikinsa daga ɓarin hagu na zuciya. Alain Cribier ne ya fara sauya wannan ƙyaure ta bututu, ba tare da an tsaga ƙirji ba, a birnin Rouen na Faransa a 2002. Wajen irin wannan aiki ɓarɓashi yakan kankaro ya bi jini.

Dabaru biyu aka fito da su. Ta farko 'yan kwanduna ne masu ramukan da ba su kai kashi 1 cikin 5 na milimita ba, waɗanda ake buɗewa a cikin jijiyoyin da suka nufi kai su kama ɓarɓashin. Irinsu ne Sentinel, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017. Ta biyu raga ce da ake shimfiɗawa a kan bakin rassa uku da ke fita daga babbar jijiya zuwa kai da hannuwa. Ita ba ta kama komai, tana dai kau da ɓarɓashin ya gangara ƙasa, inda ɓarnarsa ba ta kai ta ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda manomi ke gitta itace a bakin hanyarsa don shara ta wuce gaba. Duka biyun ana fitar da su ne da an gama aiki. A nan ma awo bai ba da abin da aka zata ba. A wani bincike na 2022 a kan mutum 3,000, shanyewar jiki ta sami kashi 2.3 cikin 100 na waɗanda aka saka wa Sentinel, da kashi 2.9 na sauran, bambancin da masu binciken suka ce bai isa hujja ba.

8.0 MATSALAR SUNA

Rubuta ilimin kimiyya da Hausa ba baƙon abu ba ne. Tun 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fara fito da littattafan Ikon Allah. Hanyoyin samar da sabuwar kalma kuwa sanannu ne: aro, da faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, da ƙira bisa ƙa'idar harshe. Bari mu auna kowace.

(a) Filta. Wannan aro ne da ya riga ya zauna a bakin makanikai da direbobi. Kyansa shi ne kowa ya san filtar inji ba ta dawwama. Aibinsa shi ne aikinta cire datti daga mai, sai majinyaci ya ɗauka jininsa ne ke da datti ana wanke masa.

(b) Mataci ko rariya. Su ma wannan aibi gare su. Tacewa raba ruwa ne da tsaki, kamar yadda ake tace gasara. Tace jini kuma aikin ƙoda ne, saboda haka matacin jini zai rikice da injin wankin ƙoda. Na'urarmu ba ta taɓa ƙananan abubuwa, ƙwayoyin jini da ƙananan gudaji duk wucewa suke yi.

(c) Laima. Ta dace da na'urar 1967 kaɗai, wadda aka riga aka bari. Ban da haka, laima inuwa ce da kariya, babu abin da zai sa mai ita ya yi tunanin rabuwa da ita.

(d) Gura, watau kwandon da masunta ke kafawa a ruwa. Ta fuskar aiki babu kamarsa: ruwa ya wuce, kifi ya tsaya, kuma mai shi dole ya komo ya duba. Amma kalmar ba ta game ko'ina ba, ɗan birni da yawa bai san ta ba. Tarko kuwa kowa ya san shi, sai dai ba majinyacin da zai sa hannu a kafa masa tarko a ciki.

(e) Matari. Wannan ƙira ce bisa ƙa'idar sunan kayan aiki, watau a sa ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i a jikin saiwar aikatau, kamar buɗe da mabuɗi, auna da ma'auni, duba da madubi. Daga tare sai a sami matari. Wanda ya tare abu a hanya ya tsaya ne tsakaninsa da inda ya nufa. Bai kashe shi ba, bai kuma hana wani tasowa ba. Bugu da ƙari, a hankalin Bahaushe tare hanya abu ne na ɗan lokaci: akan tare ruwa a sake shi, akan tare shanu har mota ta wuce. Ga kuma gargaɗi a cikin kalmar, don abin da ya tare hanya ya daɗe, shi kansa ya zama matsala.

Saboda haka shawarata ita ce a kira na'urar uwar jijiyar ciki matarin gudan jini, a raba shi gida biyu, na dindindin da na wucin gadi. 'Yan kwandunan jijiyar wuya a kira su matarin ɓarɓashi. Ragar da ke kau da ɓarɓashi kuwa a kira ta makarkaci, daga karkata, inda t ta koma c a gaban i, kamar yadda ta yi a karanta da makaranci. Da waɗannan kalmomi likita zai iya cewa: "Baba, jini ya daskare a ƙafarka, kuma yanzu ba halin mu ba ka maganin tsinka jini. Za mu sa maka matari don kada gudan ya kai huhu. Ba magani ba ne. In zubar jinin ta tsaya za ka fara shan magani, ranar kaza kuma ka komo mu cire shi." Babu kalma ɗaya a ciki da dattijo daga Bunkure zai nemi a fassara masa.

9.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa ɓallallen guda yana tafiya ne daga ƙafa zuwa huhu domin hanya buɗe take a gabansa, kuma maganin tsinka jini shi ne asalin magani. Matari na wanda maganin ya haramta gare shi ne, yana kare huhu, yana iya cutar da ƙafa, kuma na wucin gadi cire shi ake yi. Mai yiwuwa kawuna bai bukaci matari ba sam. Abin da ya bukata shi ne wani daga cikinmu ya san cewa ƙafa ɗaya da ta kumbura ga mai kwanciyar karaya alama ce ta a garzaya asibiti.

Sunayen da na kawo shawara ce ta ɗalibi, ba hukunci ba ne. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su auna su, su gyara inda na kauce. Zai kuma kyautu Sashen Hausa ya zauna da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Ƙashi na Dala, a gwada kalmomin a bakin majinyata da masu jinya, a ga wadda suka fahimta da wadda suka riƙe har suka koma gida. Wadda ta ci wannan jarrabawa ita ce ta cancanci shiga ƙamus.